Lokacin da kamiyon ƴan turis ke kwana a Agadas

Yau tarihinmu na hanya ne. Duk wanda ya yi wayo a Agadas ko Damagaram kafin 1990, in ka tambaye shi, zai ba ka labarin wasu manyan kamiyo da ke shigowa gari sun yi buɗu-buɗu da ƙura, cike da samari da ƴan matan Turawa, kowa da jakarsa goye a baya.

Daga Ingila ko Faransa suke tasowa. An sa ma kamiyon kujeru kamar kar, an ɗaura tanti da tukwane da jarkokin ruwa. Mutum wajen ashirin ke haɗa kuɗin cefane, su yi girki bi da bi, inda dare ya yi nan za a kwana. Wasu Nairobi suka nufa, tafiyar wata da watanni. Sai sun ratsa Aljeriya har Tamanrasat, su shigo Nijar ta Asamaka, sannan su ci kilomita wajen 200 na rairayi zalla kafin Arlit. In mota ta kafe, kowa ya sauko, a haƙa, a tura.

Agadas ce wurin hutu. Nan suke hawa hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da ƙasa wajajen 1515, aka sake gyara ta a 1844. Su leƙa gidan da Bajamushen nan Barth ya sauka a 1850, su zauna gun maƙera suna cinikin sarƙar azurfa. Masu ƙarfin aljihu su ɗauki ɗan jagora su shiga duwatsun Abzin. Daga nan a gangara Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926, a zaga Birni da fadar sarki, sannan a miƙe Kano.

Kada ku raina su don suna kwana a tanti. Kuɗinsu kai tsaye yake shiga hannun talaka: mai burodi, makanike, maƙeri, dukawa, mai raƙumi, har yaron da ya tsinci faransanci a bakin kasuwa ya zama jagora. Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, da kamfanin yawon buɗe ido ya yi suna.

To me ya kashe hanyar? Rashin tsaro. Tawaye ya ɓarke a arewa daga 1990, rikicin Aljeriya ya biyo baya a 1992. An sa hannu kan sulhu ran 24 ga Afrilu 1995, baƙi suka fara dawowa, amma yawanci ta jirgi. Tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka ƙarasa sauran. Abin mamaki, sai a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, lokacin da masu zuwa kallo suka riga suka ɗauke ƙafa.

Ga inda zancen ya shafe mu. Yau kar-kar na tashi kullum tsakanin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mu nawa ne muka taɓa sauka don ganin wani abu ban da sallah da tsire? Muna wuce Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai, inda raƙuman dawa ke kiwo kusa da gonaki. Muna wuce fadar Jarmakwai a Doso. A gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, itacen nan na Tenere da mota ta kaɓe a 1973 yana nan ajiye, ɗalibai da yawa ba su taɓa ganinsa ba.

Tsofaffin jagororin nan suna ƙarewa, kuma abin da suka sani a kansu yake. In muna jiran sai Bature ya dawo kafin a buɗe ƙofar fada, ƴaƴanmu za su tashi ba su san hanyarta ba. Maƙerin da ya rasa mai saye kuwa, ɗansa ba zai gaji maƙera ba.

Malaman lakwal da ƙungiyoyin matasa, hutu na tafe. Kar ɗaya, karo-karo, kwana biyu, inda hanya ke da lafiya. Ku kuma dattawan da suka ga wancan zamani, muna sauraren labarinku. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.