Tarihin Kalmomin Aro na Ingilishi a Fagen Watsa Labarai da Nishaɗi

Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba ƙasar Hausa gida biyu, kuma kowane ɓangare ya yi ta aron kalmomi daga harshen wanda ya mulke shi. Shi ya sa mutumin Maraɗi yake cewa lakwal, na Katsina kuwa makaranta ko firamare. Amma a fagen watsa labarai da nishaɗi abin bai bi wannan ƙa'ida ba. Kalmomin Ingilishi sun ƙetaro iyaka sun zauna a bakin mutanen da ba su taɓa shiga aji ba, domin ta kunne suka shigo.

Na'urar da ta fara isowa ita ce garmaho. Bahaushe ya karɓi sunanta ya sake masa tsari, amma abin da ake ɗora mata ya kira shi faifai, saboda ya yi kama da faifan rufe ƙwarya. Bayanta sai majigi, wato hotunan da gwamnatin mulkin mallaka take yawo da su a mota tana nunawa a ƙofar fada. Asalin kalmar sunan wata fitila ce ta nuna hoto da Ingilishi, wadda ake danganta ta da sihiri. Da aka buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937, sai aka bambanta: majigi kyauta ne, sinima kuwa sai da tikiti.

Rediyo ne ya fi kowa yaɗa waɗannan kalmomi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Nijar a 1958, na Kaduna a 1962, Muryar Amurka ta bi baya a 1979. Muryar Kaduna ba ta tsayawa a kwastan. Ana jin ta a Damagaram kamar yadda ake jin ta a Daura. Fatake da ƴan ci-rani kuma suna komowa da akwatin rediyo, da batir, da kaset, kowane da sunansa.

Idan aka duba siffar kalmomin za a ga ƙa'idojin Hausa ne suka yi aiki a kansu. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka ta tsarma wasali, aka sami furodusa. Harafin v ya koma b a talabijin da bidiyo, p ya koma f a lasifika. Inda kuma take da abin kanta ba ta ara ba: an ce gidan rediyo, wasan kwaikwayo, mai gabatarwa. Jarida kuwa daga Larabci take, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939, ta ƙara kafa ta.

Faransanci bai tashi a banza ba. Talabijin ɗin makaranta da aka soma a Nijar a 1964 ya bar kalmar tele, kuma pil tana gogayya da batir a kasuwanni. Sai dai tun daga 1990, da aka fitar da Turmin Danya a Kano, finafinan bidiyo suka sake kwararo wasu kalmomi, irin su darakta da fim, yayin da jarumi da jaruma suka sami sabuwar ma'ana.

Saboda haka masu tsara ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci suna da alhaki a wuyansu. Kalmar da ta shekara hamsin a bakin jama'a, ta sami jinsi da jam'i irin na Hausa kamar yadda fim ya zama finafinai, ta daina zama baƙuwa. Korar ta don ta fito daga Ingilishi zai nesanta rubutu daga magana, ya kuma ƙara raba masu karatun Hausa na ƙasashen biyu.