Gayyar Manhaja, Daga Helsinki Zuwa Ashige

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya saki manhajar Linux a intanet, kowa ya duba cikinta ya gyara. Kafin shi Richard Stallman ya fara aikin manhajar GNU, mai irin wannan tsari, tun 1983. Mu a Ashige ba mu ji labarin ba. Jiharmu ta Nasarawa ma sai 1996 aka ƙirƙiro ta. Amma tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gayya ce, irin ta kaftun doya: kowa da kunyarsa, ba lada sai albarka.

Ƙofar wannan gayyar manhaja ta daɗe tana da wuyar shiga, sai gwanin rubuta manhaja. Dandalin GitHub ya sassauta ta a 2008. Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce Common Voice, taskar muryoyi don koya wa na'ura jin magana, da Mozilla ta buɗe a 2017, daga baya Hausa ta shiga. Da wayata na fara, ina karanta gajerun jimloli da dare bayan gari ya yi shiru, ina kuma sauraron muryoyin wasu in tantance. Hausarmu ta Lafiya tana da nata lafazin, kuma na'ura ba za ta gane shi ba sai mun karanta mata. 'Yan'uwana matasan Ashige, ku kawo muryoyinku.