Daga jinginar gona zuwa gwanjon gida: tarihin bashin gida a birnin Yamai

Tun kafin zuwan Nasara, Hausawa sun san jingina. Wanda yunwa ko hidimar aure ta matsa wa sai ya miƙa gonarsa ga mai hali a gaban shaidu, ya karɓi hatsi ko kuɗi. Mai bin bashi ya yi ta noma gonar yana cin amfaninta, amma ba ta zama tasa ba. Ran da mai ita ya samu sukuni, ko ɗansa, ko jikansa, sai a fanshe ta. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Don haka wanda ya taɓa kasawa ba a rufe masa ƙofa, muddin dattawan gari sun shaidi halinsa.

Mulkin mallakar Faransa ya zo da wata jingina dabam. Dokar ranar 26 ga Yuli 1932 ta tsara rajistar filaye a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, ta kuma sa takardar mallaka ta zama babbar hujja. A wannan sabon tsari mai gida yana zaune cikin gidansa, takarda kaɗai ake jinginarwa. Amma idan ya kasa biya, sai a kai gidan gwanjo, kuma babu sauran fansa.

A Yamai, bashin gida ya fara ne da ma'aikatan gwamnati. Crédit du Niger, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1950, ita ke ba su rancen gini. Bayan samun ƴancin kai aka buɗe bankin raya ƙasa, BDRN, a 1961, sannan kamfanin gine-gine na SONUCI a 1962. Ginshiƙin tsarin shi ne albashi: ana cire kason banki kowane ƙarshen wata kafin kuɗi su kai hannun malamin makaranta ko malamin asibiti. A shekarun 1970, da kuɗin uraniyum suka bunƙasa, ba wanda ya yi zaton wannan ginshiƙi zai girgiza.

Sai ga shi ya girgiza. Farashin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980. BDRN ya durƙushe saboda basussukan da ba a biya ba, aka rufe shi a 1990, SONIBANK ya maye gurbinsa. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, siminti da kwano da ƙarfen gini suka yi tsada. A cikin waɗannan shekaru ma'aikata sun sha yin watanni ba albashi. Wanda ya jinginar da takardar gidansa bisa amanar albashi ya wayi gari yana bin gwamnati bashi, banki kuma yana bin sa. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani ɓangare na wannan bashin albashi da filaye a gefen birni.

Ana cikin haka doka ta ƙara ƙarfi. Nijar na cikin ƙasashen yarjejeniyar OHADA da aka sa wa hannu a 1993, wadda dokarta ta 1998 ta shimfiɗa matakan ƙwace gida: a aiko wa mai bashi da takardar gargaɗi ta ƙarshe, a rubuta ta a ofishin rajistar filaye, sannan a yi gwanjo a gaban kotu ko notar. Duk da haka dokar ta bar wata kafa: idan kuɗin hayar gidan na shekara biyu za su isa biyan bashin, ana iya dakatar da sayarwa.

To, ina makomar wanda aka sayar wa gida, ya farfaɗo, ya sake neman rance? Ba dattawan unguwa zai tarar ba, rajista zai tarar. Babban bankin BCEAO ya daɗe yana tattara bayanan manyan basussuka, kuma daga 2016 ofishin bayanan masu cin bashi na Creditinfo ya soma aiki a yankin UEMOA. Da yardar mai neman rance, banki zai duba yadda ya biya basussukansa na baya. Ko Bankin Gidaje na Nijar, BHN, da aka buɗe a 2018, sai ya auna albashi da takardar fili da tarihin mutum kafin ya saki ko dala.

A nan ne bambancin yake. Rajista tana riƙe ranar da mutum ya kasa, amma ba ta rubuta dalili. Ba ta san watannin da albashi bai fito ba. Sai dai ita wannan rajista tana kuma rubuta kowane ƙaramin rance da aka biya a kan lokaci, doka kuma ta ba mutum damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya ƙalubalanci kuskure. Saboda haka fansar da kakanni suka sani ba ta ɓace sarai ba, ta dai koma kan suna. Gidan da aka yi gwanjonsa ya tafi, amma sunan mai shi yana fansuwa: ya biya ragowar bashin, ya karɓi takardar shaidar sallama daga bankin farko, ya adana ta kamar yadda ake adana takardar fili. Ita ce za ta tsaya masa a matsayin shaidun da dā suke zama a ƙofar mai gari.