3.2 Tarihin Gandun Dajin Azbin da Tenere a Jamhuriyar Nijar

Kamar yadda aka yi nuni a babin da ya gabata, ƙasar Azbin tsohuwar hanyar fatake ce, kuma tarihin baka na Gobirawa yana cewa can suka zauna kafin su gangaro kudu. Ta nan ne ayarin Abzinawa ke keta Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri.

Gwamnatin Nijar ta keɓe wannan yanki a shekarar 1988, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 77,360. Abin da ya jawo haka shi ne farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1984, da kuma farauta da mota da bindiga, waɗanda suka kusa ƙarar da namun dajin wurin. A lokacin akwai barewa da ragon dutse da jimina, sai wata dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni da ake kira adas, wadda takan daɗe ƙwarai ba ta sha ruwa ba, danshin ciyawa ya ishe ta. Dominta ne aka ware kusan kashi ɗaya cikin shida na gandun, aka hana kowa shiga. A cikin ƙoramu ana samun aduwa da magarya da goriba, a kan duwatsu kuma akwai zaitun na daji da dangin gero da dawa waɗanda ba shuka su aka yi ba.

Wani abin lura shi ne ba a kori mazauna wurin ba. An bar makiyaya da masu lambu a Iferwan da kewayenta, da tunanin cewa kuɗin Turawa masu yawon buɗe ido zai sa jama'a su ga amfanin kare dabbobin. A shekarun 1980 tunanin ya yi kamar zai tabbata, domin samarin Agadas da dama sun zama direbobi da 'yan jagora. Sai dai su ma baƙin ba su rasa laifi ba: wasu kan bi dabba da mota don ɗaukar hoto har ta galabaita.

Hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Shekara ɗaya tak bayan haka ta mayar da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke a arewacin ƙasar. Ma'aikata suka janye, baƙi suka ɗauke ƙafa, jimina kuwa aka yi ta harbinta har ta ɓace daga dajin. Sulhun 1995 ya ɗan farfaɗo da harkar, amma tawayen 2007 zuwa 2009 ya sake durƙusar da ita. Ragowar adas da aka riƙa gani bayan nan sai can kudu maso gabas, a yankin Tarmit da Tin Tumma, wanda shi ma aka keɓe shi a 2012.