Daga Dandalin Ƙauye zuwa Dandalin Soyayya: Tarihin Fim ɗin Samari da 'Yan Mata a Ƙasar Hausa

A Jamhuriyar Nijar, finafinan Hausa da ake shiryawa a Kano suna da wani suna da ba a cika jin sa a Kanon ba. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan kira su "dandalin soyayya", wasu ma su taƙaita su ce "dandali". Sunan ya dace ƙwarai, domin tun kafin majigi ya zo, dandali shi ne filin da samari da 'yan mata ke haɗuwa da dare idan akwai farin wata, ana kiɗan kalangu ana gaɗa, sarkin samari yana tsawatarwa, manya kuma suna kallo daga nesa. A ƙauyukan gundumar Dakwaro, irin su Korahane, inda Hausawa manoma ke zaune tare da Fulani da Buzaye makiyaya, a nan ne saurayi kan fara ganin wadda zai je zance wurinta. Da kaset ɗin bidiyo ya iso, jama'a ba su wahala wajen laƙaba masa suna ba, sun ga tsohon abu ne cikin sabuwar riga.

Asalin wannan fim ba daga Amurka yake ba, ko da yake can ne aka fi sanin fim ɗin soyayya mai ban dariya, wanda saurayi da budurwa kan yi ta saɓani har su daidaita a ƙarshe. Daga Indiya ya biyo. An buɗe silima ta farko a Kano, wato Rex, a 1937, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori da ke riƙe da gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya. Bahaushe bai ji yaren ba, amma ya gane labarin: uba ya zaɓa wa 'yarsa miji, yarinya tana son wani, talaka ya ƙyalla ido a kan 'yar mai kuɗi, kunya ta hana masoya faɗin abin da ke ransu sai dai su rera shi cikin waƙa. Masani Brian Larkin, a wani nazari da ya buga a 1997, ya nuna cewa wannan kamanni da rayuwar gida shi ya sa finafinan Indiya suka shiga zuciyar 'yan kallo fiye da na Turawa.

Littafi ne ya riga kyamara ɗaukar wannan jigo. A shekarun 1980 aka sami ambaliyar littattafan soyayya a Kano, mata na cikin manyan marubutansu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan auren dole da hana 'ya mace ilimi. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, labarin 'yar masu kuɗi da ta nace wa saurayi talaka, har ta faɗa rijiya don gudun mijin da aka zaɓa mata. Malamai da dattawa sun yi ta suka, suna cewa ana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye; marubutan kuwa suka ce su abin da ke faruwa a gidaje suke bayyanawa. Wannan gardama ita ce ta bi fim har yau, ba ta sauya kama sosai ba.

Ana ɗaukar Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Amma wanda ya juya akalar sana'ar shi ne Sangaya, na kamfanin Sarauniya, a 1999, inda Ali Nuhu ya fito ɗan sarki, Fati Muhammad kuma 'yar aikin gidan sarauta da ya kamu da sonta. Waƙarsa, wadda aka haɗa da fiyano, ta game gari har ta tsallaka iyaka. Daga nan furodusa ya gane cewa fim ɗin da babu rawa da waƙa ba ya sayuwa. A wannan shekarar ce Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, kuma a ƙarshen shekarun 1990 ɗin ne sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa.

Wani abin lura shi ne yadda masana'antar ta raba soyayya da dariya gida biyu. Akwai finafinan da 'yan fim ke kira "santimental", na birni, da motoci da manyan falo da kuka da waƙa a lambu. Akwai kuma "camama", na barkwanci, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, da ya rasu a watan Disamba 2014, ya zama sarkinsu. A camama ne ake yi wa neman aure dariya: saurayin da ya ari riga ya tafi zance, tsohon da ya rina gemu yana takara da sa'an jikansa, uwar budurwa mai lissafin kayan lefe. Mai kallo na ƙauye ya fi ganin kansa a nan, domin gidan ƙasa da jaki da gona su ne nasa, falon santimental kuwa mafarki ne. Watakila shi ya sa dattijon da ke tsine wa rawar samari a fim yakan zauna ya ƙyalƙyale da dariya idan Ibro ya fito.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan jigo, kuma ta riga Kano ɗaukarsa da kyamara. Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962 a kan al'adar aure, sannan a 1972 ya yi F.V.V.A., fim na ba'a a kan ƙaramin ma'aikaci da burin mata da mota da gida da kuɗi ya kai shi ya baro. Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, labarin Alhajin da ya auri budurwar da ke da wanda take so, shi ya ci babbar kyautar bikin FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, an farfaɗo da Samariya, wasan kwaikwayo na Hausa ya bunƙasa, 'yan wasa irin su Yazi Dogo suka yi suna. Sai dai waɗancan finafinai na silima ne da bukukuwan ƙasashen waje, ba su isa ƙauye ba. Kaset ɗin Kano kuwa ya bi hanyar fatake, daga Kano zuwa Katsina, ya ratsa Jibiya da Ɗan Isa ya shiga Maraɗi, daga can motocin kasuwa suka haura da shi arewa zuwa Dakwaro, inda mai talabijin da janareto kan kewaye fili da zana ya karɓi 'yan kuɗi a bakin ƙofa.

Hukuma ba ta zuba ido ba. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, an dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007, bayan wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa, aka naɗa Abubakar Rabo shugabanta, aka ɗaure 'yan fim da dama, ciki har da Adam A. Zango da Ibro da Hamisu Lamido Iyan-Tama. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi wani mawaƙi a bidiyon waƙa. Ƙa'idar da ta fito daga wannan dambarwa ita ce masoya su yi ta kallon juna da musayar kalamai, amma kada hannu ya taɓa hannu, abin da ya tilasta wa marubuta zuba dukkan ƙarfinsu a kan zance, kamar dai yadda ake taɗi a zaure.

Ga malamin makaranta a yankin Maraɗi, batun ya wuce nishaɗi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai shekara 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi yawa. Yarinyar da ke kallon jaruma tana gaya wa mahaifinta cewa tana da wanda take so, sau da yawa ita ba a taɓa tambayarta ba. Fim ɗin bai cika goyon bayan tawaye ba, domin yawanci yakan ƙare da sulhu da albarkar iyaye. Amma ya sa tambayar a bakin 'ya mace, a gaban kowa, cikin harshen da kakarta ke ji.

Kaset ya ba faifan sidi wuri, sidi ya ba waya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma kawo shirin Daɗin Kowa, daga baya finafinai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira suka mamaye YouTube. Ko lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa watan Maris 2024, shinkafa da albasa ne suka tsaya a kan iyaka, sabon zango kuwa yana fitowa a Kano masu tura finafinai a kasuwannin Maraɗi suke loda shi a katin waya.