Fitsarin Doki da Kwanson Harsashi: Tarihin Wankin Tagulla

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne a haɗe: kan harsashin da ke fita ya tafi, da albarushin da ke tunkuɗa shi, da ɗan makunnin da ke gindi wanda ke tayar da wutar, sai kwanson tagulla da ke riƙe da su duka. Da zarar an harba, uku daga cikinsu sun tafi ke nan. Kwanso kaɗai ke faɗowa ƙasa da zafinsa, bakinsa ya yi baƙi da hayaƙi. Wanda bai sani ba zai ɗauke shi shara, alhali a yawancin harsasai shi ne mafi tsada, kuma shi ne mafi wuyar ƙerawa.

Saboda haka sama da shekara 150 ke nan mafarauta da sojoji da masu wasan harbi suna tsince kwanso, su wanke, su sake yi masa ɗuri. Wankin kamar ƙaramin aiki ne, amma tarihinsa ya ratsa ta dajin Amurka da bargar dawakin soja a Indiya da masana'antun Yaƙin Duniya na Ɗaya. A duk inda ya ratsa, dattin da ido ke gani bai cika zama mafi haɗari ba.

Me ya sa tagulla?

Bindigogin farko da ake ɗurawa ta baya sun yi fama da matsala guda: in an harba, wuta da hayaƙi kan kwararo ta gindin bindiga su nufi fuskar mai harbi. Kwanson tagulla ne ya yi maganin wannan. Tagullar da ake ƙera shi da ita haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30. Tana da laushin da zai sa ta kumbura a lokacin harbi ta toshe duk wata kafa, tana kuma da taurin da zai sa ta ɗan koma bayan harbin, har a iya zaro ta. A manyan bindigogin yau, ƙarfin da ke danna bangon kwanso kan kai kusan tan huɗu a kan kowane murabba'in santimita ɗaya. Tsakanin wannan ƙarfi da idon mai harbi, siririn bangon nan ne shinge na farko. In ya tsage, abin da ake gudu ya faru.

A shekarar 1866 mutum biyu suka yi rajistar ƙirar makunnin da ake sakawa a tsakiyar gindin kwanso: Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Hiram Berdan a Amurka. Kwanson Boxer yana da huda ɗaya a tsakiya, don haka cire tsohon makunni ba ya da wuya. Na Berdan hudarsa a gefe take, cirewa sai da wahala. Abin mamaki, ƙirar Baturen Ingila ce ta samu gindin zama a Amurka, ta Ba'amurken kuma ta mamaye Turai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa sake ɗuri ya zama al'ada a Amurka fiye da ko'ina.

Zamanin baƙin albarushi

Albarushin wancan zamani, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani nau'in gishiri, ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa kan zama toka da dauɗa, wasu su bi hayaƙi, wasu su manne a cikin bindiga da kwanso. Dauɗar tana jan laimar iska, in an bar ta kwana kaɗan sai ta fara cin tagullar, ta bar kore-kore a jiki. Maganin bai wuce ruwan zafi da sabulu ba, a wanke da wuri, a shanya har ya bushe sarai, domin ɗigon ruwa ɗaya a ciki ya isa ya ɓata sabon albarushi.

Waɗanda suka fi dogara da wannan aiki su ne maharban ɓaunar Amurka a shekarun 1870. Sukan yi watanni a daji, nesa da kowace kasuwa, da manyan bindigogi irin su Sharps. Maimakon su yi dakon harsasai, sai su yi guzurin dalma da albarushi da makunni, kwanso ɗaya ya yi ta zagayawa. Da rana harbi, da dare zuba dalma da ɗuri a gefen wuta. Arhar harsashi na cikin abubuwan da suka sauƙaƙa ɓarnar da aka yi: kafin 1884 an kusa ƙarar da dabbar da a da ake ƙirga ta da miliyoyi, kuma da ita aka karya tattalin arzikin ƙabilun asali da suka rayu a kanta. A 1884 ɗin ne John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven, yana sayar da kayan sake ɗuri na hannu ga talakan maharbi.

A Afirka kuwa tilas ce ta kawo abin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan nahiyar, don haka duk sarkin da ya mallaki irin waɗannan bindigogi sai kwanso ya zame masa dukiya. A Omdurman, ma'aikatar makaman Halifa Abdullahi ta riƙa sake ɗura tsohon kwanson bindigogin Remington. A yammacin Afirka ma mayaƙan Samori Ture sun riƙa tattara kwanso bayan gwabzawa suna kai wa maƙeransa.

An gudu ba a tsira ba

A 1884 Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa, kuma bindigar Lebel ta 1886 ta fara amfani da shi. Kwanso ya daina fitowa baƙi ƙirin. Ana ganin wahalar wanki ta ƙare, sai ga kwanson da aka sake ɗurawa yana tsagewa, wani ma ya rabe biyu a cikin bindiga.

Laifin na makunni ne. A lokacin ana haɗa shi da sinadarin zaiba, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa. In an harba, zaibar kan shiga jikin tagulla ta mai da ita mai saurin karyewa. A zamanin baƙin albarushi, yawan dauɗar nan da ake ƙorafi a kanta ita ce ke shanye mafi yawan zaibar, ta tafi da ita a ruwan wanki. Da dauɗar ta kau, zaiba ta samu tagulla tsirara. Babu sabulun da ke cire ta, domin ta riga ta shige cikin ƙarfen. A 1898 sojan Amurka ya daina amfani da makunni mai zaiba.

Wanda ya maye gurbinsa ya bar kwanso lafiya, ya koma kan bindiga. In ya ƙone yakan bar wani gishiri ɗan'uwan gishirin miya, wanda ke jan laima ya sa bututun bindiga tsatsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sojoji sun yi ta shafa mai, tsatsa tana fitowa a ƙarƙashin man, domin mai ba ya narkar da gishiri. Sai a 1922 Wilbert Huff na hukumar ma'adinai ta Amurka ya tabbatar da musabbabin, ya kuma nuna cewa ruwa ne maganinsa. A 1927 kamfanin Remington ya fito da makunnin Kleanbore wanda ba ya barin gishirin, amma sojan Amurka bai gama sauyawa ba sai a shekarun 1950.

Abin da ya faru a bargar dawaki

Mafi ban mamaki a wannan tarihi shi ne abin da sojan Birtaniya ya gani a Indiya. Harsasai sababbi, waɗanda ba a taɓa harbawa ba, sai a buɗe akwati a tarar wuyan kwansonsu ya tsattsage. Tun da abin ya fi faruwa bayan damina, sai aka sa masa suna tsagewar yanayi, aka ɗora laifin a kan zafi da laima.

Gaskiyar ta fito a 1921, a binciken da Moore da Beckinsale da Mallinson suka wallafa a Ingila. In damina ta sauka ayyukan soja kan lafa, a adana harsasai a bargar dawaki. Fitsarin doki yana fitar da amoniya, warin nan mai shiga hanci. Shi kuma kwanso, tun daga masana'anta, akwai ɗaurewa a jikinsa sakamakon ja da matsawar da aka yi masa kafin ya ɗauki siffarsa, musamman a wuya inda ya damƙe kan harsashi. In amoniya da laima suka haɗu da tagullar da ke cikin wannan hali, sai tsaga ta fara bin tsakanin ƙwayoyin ƙarfen a hankali, ba tare da wata alama a waje ba. Maganin da aka samo shi ne zafafa kwanson bayan ƙira domin ɗaurewar ta saki.

Binciken ya wuce batun harsashi. Injiniyoyi sun gane cewa ƙarfe na iya jure nauyi shi kaɗai, ya jure sinadari shi kaɗai, amma ya faɗi in biyun suka haɗu. Da wannan ilimi ake bincikar bututun mai da tukwanen tururi da gadoji har yau. Ga masu sake ɗuri kuwa, darasin ya zo har gida: yawancin man goge tagulla na gargajiya, irin su Brasso da aka fara sayarwa a 1905, suna ɗauke da amoniya. Abin da ke sa maɓallin rigar soja walƙiya shi ne abin da suke nesanta shi da kwanso. Wanda aka goge da shi zai iya yin kyan ɗan maciji.

Lokacin da gwamnati ta zama mai tsintar kwanso

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mai da wannan aiki na ɗaiɗaikun mutane harkar ƙasa. Ƙarancin harsasan igwa a 1915 ya girgiza gwamnatin Birtaniya, har aka kafa ma'aikatar makamai a ƙarƙashin Lloyd George. Igwar filin daga da sojanta ya fi amfani da ita ta harba kusan harsashi miliyan 99 a fagen yamma kaɗai, kowanne da kwanson tagulla mai nauyin fiye da kilo ɗaya. Babu ƙasar da za ta iya zubar da wannan. Sai aka riƙa kwashe kwanso daga bayan igwa ana mayarwa Birtaniya ta jirgin ruwa, zuwa masana'antun gyara irin na Dagenham da Newport, inda mata suka yi yawa cikin ma'aikata. A can ake wankewa, a duba, a mayar da shi siffarsa, a buga alama a gindinsa domin a san sau nawa aka ɗura shi. Waɗanda suka kuɓuce wa masu kwashewa su ne sojoji suka sassaƙa suka mai da su tukwanen furanni, waɗanda har yau ake gani a gidajen tarihi.

Jamus, wadda takunkumin teku ya hana ta jan ƙarfe, ta koma yin kwanso da baƙin ƙarfe. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ma ta ji jiki: a 1943 da baƙin ƙarfe ta buga tsabar santi ɗaya, daga 1944 zuwa 1946 kuma aka zuba tagullar tsohon kwanso a cikin ƙarfen da aka buga ta da shi.

Daga larura zuwa sha'awa

Bayan yaƙin, miliyoyin Amurkawa sun dawo gida da sanin bindiga, tsohon kwanson soja kuma ya cika kasuwa. Kamfanoni irin su RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a 1943, suka bunƙasa. Tun da makunnin zamani ba ya barin zaiba ko gishiri, dalilan wanki suka ragu zuwa biyu: cire yashi da ƙasa domin kada su karce mazubin ƙarfen da ake matse kwanso a ciki, da kuma bayyana jikin tagulla domin a ga tsaga in akwai.

Daga nan ƙyalli ya shigo. An aro ganga mai juyawa daga masu goge duwatsun ado, aka cika ta da niƙaƙƙiyar totuwar masara ko ɓawon wolnot. Daga baya aka samu kwano mai girgiza da lantarki, sannan aka koma ga ruwa da ƙananan tsinkayen ƙarfe marasa tsatsa, waɗanda ke fito da kwanso kamar yau aka ƙera shi, ciki da waje. Kowace hanya ta zo da nata sharrin. Ruwan tsami yana goge tagulla, kamar yadda lemun tsami da toka ke goge tasa, amma in ya yi ƙarfi ko aka daɗe, sai ya tsotse tutiyar ya bar kwanso ja-ja da rauni. Busasshiyar totuwa kuma tana tara ƙura, ga shi makunnin da ya kori zaiba da gishiri da sinadarin dalma ake yin sa. Ƙurar nan tana ɗauke da dalmar, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara ƙanana ko da kaɗan ce. Wanki da ruwa yana rage ƙurar, sai dai dalmar ta koma cikin ruwan da za a zubar.

Ƙwararrun masu sake ɗuri sun yarda cewa walƙiyar kwanso ba ta ƙara wa harbi daidaito. Wanda ya dushe ya yi ruwan ƙasa, muddin babu yashi ko tsaga a jikinsa, yana aiki daidai da mai sheƙi. Shi ya sa aikin da suka fi ba muhimmanci yake zuwa bayan wankin: a ɗauki kwanso ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, a duba wuyansa, a duba kusa da gindinsa inda bango ke sirancewa in ɗuri ya yi yawa. Wanda aka ga alama a jikinsa, komai kyansa, sai a murƙushe bakinsa a jefa shi cikin bokitin masu sayen tsohon ƙarfe.