Taller de Gráfica Popular

Taller de Gráfica Popular, ko TGP a taƙaice, ƙungiya ce ta masu zanen bugawa da aka kafa a birnin Meziko a shekarar 1937. Sunan na Sifaniyanci ne, ma'anarsa wurin aikin buga zane na jama'a (kalmar farko ana furta ta kamar "tayer"). Waɗanda suka kafa ta su ne Leopoldo Méndez da Luis Arenal da Pablo O'Higgins, wanda haifaffen Amurka ne. Manufarta ita ce a yi amfani da zane wajen kare manufofin juyin juya halin Meziko na 1910 da kuma yaƙar aƙidar mulkin kama-karya ta fasisanci.

Asali

Juyin juya halin Meziko ya fara ne a 1910 a kan mulkin Porfirio Díaz, aka shafe kusan shekara goma ana gwabzawa. A lokacin fiye da kashi 70 cikin 100 na mutanen ƙasar ba su iya karatu ba, saboda haka hoto ya fi rubutu saurin isar da saƙo. Wanda ya yi fice a wannan fage shi ne José Guadalupe Posada (1852–1913), wanda ke yi wa maɗaba'ar Antonio Vanegas Arroyo zane a kan takardu masu arha da ake tallarsu a titi. An fi saninsa da zanen ƙwarangwal sanye da tufafin attajirai ko na sojoji, wato ba'a ce ga masu ji da kansu. Ya rasu cikin talauci, aka binne shi a kabarin gama-gari. Masu kafa TGP sun ɗauke shi a matsayin ubangidansu, duk da cewa Posada ɗan ƙwadago ne mai zana abin da aka ba shi aiki, ba ɗan wata jam'iyya ba.

Ƙungiyar ta ɓalle ne daga wata gamayya ta marubuta da masu zane da ake kira LEAR, a zamanin shugaba Lázaro Cárdenas (1934–1940), wanda ya raba wa manoma filaye ya kuma mayar da harkar man fetur hannun gwamnati a ranar 18 ga Maris, 1938.

Yadda ake aikin

Bugun zane ya yi kama da aikin hatimi. Mai zane zai sassaƙa hoton a kan katako ko a kan linoliyam, irin shimfiɗar nan da ake rufe daɓen ɗaki da ita. Inda aka ƙwaƙule zai fito fari, inda aka bari shi zai ɗauki tawada. Sai a danna takarda a kai a ɗago, hoton ya fito a juye, don haka dole a sassaƙa rubutu ta baya. Sun kuma yi bugu a kan dutse, amma linoliyam ya fi yawa a aikinsu domin ya fi araha, ya fi taushi, kuma ba ya buƙatar babbar na'ura.

A nan ne bambancinsu yake da masu zanen bango irin su Diego Rivera. Zanen bango sai da izinin gwamnati da kuɗinta, yana ɗaukar watanni, kuma sai mutum ya je inda yake. Fosta kuwa a kwana ɗaya za a sassaƙa ta, a buga ɗaruruwa, a manna a bango ko a raba a wurin yajin aiki tun maganar ba ta huce ba. 'Yan ƙungiyar kan haɗu kowane mako su duba aikin juna, a yi gyara tare, kuma wani kaso na cinikin kowa yana shiga asusun ƙungiya. Fostoci da yawa ba sa ɗauke da sunan mutum, sai tambarin TGP kawai.

Manyan ayyuka

A 1939 Méndez ya fitar da jerin zane guda 7 a kan malaman makarantun karkara da masu adawa da tsarin ilimin gwamnati suka kashe. Ƙungiyar ta yi wa ƙungiyoyin ƙwadago fostoci, ta kuma goyi bayan 'yan jamhuriya a yaƙin basasar Sifaniya. Hannes Meyer, tsohon shugaban makarantar Bauhaus ta Jamus, ya jagoranci sashen ɗab'inta mai suna La Estampa Mexicana daga 1942. A wannan shekara Méndez ya yi zanen jirgin ƙasa maƙare da mutanen da sojojin Nazi ke kaiwa sansanin kisa, wanda ya fito a wani littafi na 1943 kan ta'asar Nazi a Turai. Yana cikin zanukan farko da suka nuna wannan kisan kiyashi tun yaƙin bai ƙare ba.

Aikinsu mafi girma shi ne Estampas de la Revolución Mexicana na 1947, zane 85 daga hannun mutum 16, wanda ya ba da tarihin juyin juya halin daga zamanin Díaz har zuwa shekarun 1940.

Baƙi ma sun shiga. Elizabeth Catlett, baƙar fata 'yar Amurka, ta zo a 1946, kuma a nan ta yi jerin zane 15 a kan rayuwa da gwagwarmayar mata baƙar fata. Ta zama 'yar ƙasar Meziko a 1962, Amurka kuma ta hana ta shiga ƙasar na tsawon shekaru.

Saɓani da raguwa

Kusancin ƙungiyar da 'yan gurguzu masu bin Tarayyar Sobiyet ya jawo mata matsala. An samu Arenal da hannu a harin da David Alfaro Siqueiros ya jagoranta a gidan Leon Trotsky a watan Mayun 1940. Akwai kuma sukar da ke da tushe: gwamnatocin da suka biyo bayan Cárdenas sun ci gaba da kiran kansu 'yan juyin juya hali alhali sun karkata ga masu jari, ƙungiyar kuma ba koyaushe take fitowa ta ƙalubalance su ba. Rikicin siyasa na cikin gida ya sa Méndez da O'Higgins da wasu suka fice a wajajen 1960. Méndez ya rasu a 1969. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki bayan haka, sai dai ba da ƙarfinta na da ba.